Ranar da Na Rage wa Unguwa Mudu

Tun da aka fara sayar da gero a ɗaure cikin leda na san zamani ya wuce ni, kuma ban yi fushi ba, don ni ma na wuce wasu a nawa lokacin. Abin da ya tayar mini da tsohon tunani jikata ce. Ta shigo ɗakina a goman ƙarshe na azumin da ya gabata, waya a hannu kamar kullum, ta ce wai mijinta ya ce ta tambaye ni mudunnabi kilo nawa ne, yana so ya tsaya a kanti ya sayo zakkar fidda-kai. Na ce mata ni ban san kilo ba, kilo ma bai san ni ba, amma in mudun take so ga shi can a ragaya. Ta ɗaga kai ta dubi ƙoƙon, ta yi dariya, ta ce wannan ɗan abin? Na ce shi fa. Ban ga laifinta ba. Ni ma ranar da na fara ganin irinsa raina shi na yi, sai dai ni ban tsaya a dariya ba, wuƙa na ɗauko.

A zamanin da na taso, ma'aunin mutum a jikinsa yake, duk inda za shi da abinsa yake tafiya. Mai sayen farin yadi zai ɗora gwiwar hannu ya miƙe yatsu, ya ce kamu ɗaya, kamu biyu. Abin da bai kai kamu ba a buɗe tafi daga babban yatsa zuwa na tsakiya, a ce ɗani. Mai gini da taki yake fitar da ɗaki, mai haƙar rijiya ya ware hannuwansa biyu da igiya ya ce gaba kaza ce kafin a tarar da ruwa. Ko lokacin salla, inuwa ake dubawa a taka ta da ƙafa. Kowa ya san kamun dogo ba na gajere ba ne, shi ya sa in za ka sayi yadi kake neman dogon ɗan'uwa ya raka ka, mai sayarwa kuma ya ce a'a, da hannunsa za a auna, a yi ta ja-in-ja ana dariya har a shirya. Hatsi kuwa da mudu da tiya, kuma kafin a zuba sai an yi magana, a shafe baki za a yi ko a bari ya yi tsororo. In an gama mai awo ya ɗebo ɗan kaɗan ya watsa a kai, shi ne gyara. Yanzu an kawo sikeli mai lambobi, ba ya ƙarya, na yarda, amma ban taɓa ganin ya yi wa kowa gyara ba.

Mutanen birni kuma suna da nasu abubuwan da suke gwada komai da su, waɗanda ni baƙuwa sai da na koya. In abu ya yi tsawo, da hasumiyar Gobarau za a kwatanta shi. In ya yi kauri, a ce ganuwa. Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ta fi kowa tsanani a wannan. Ba ta yarda ka ce abu babba ne ko yana da yawa ka yi shiru. Ka ce miya ta yi gishiri, ta ce da ta wa ka gwada. Ka ce wance ta cika surutu, ta ce in an ajiye ta kusa da kai ne ko kusa da bango. Tun ina jin haushin wannan tambaya har na gane ba neman magana take yi ba. A wurinta yawa da ƙaranci ba su da ma'ana sai an san abin da aka jingina su da shi, kuma ta kan ce rabin faɗan da ake yi a unguwa daga nan yake, kowa da ma'auninsa a aljihu bai nuna wa ɗan'uwansa ba.

Ni ba 'yar birni ba ce. A rugarmu aka haife ni, can bayan gari, inda muka daɗe da zama har muna ɗan noma kusa da garke. Mijina ya ganni ina kawo nono, na gan shi, iyaye suka shirya, aka kawo ni gidansu a Ƙofar Sauri saura 'yan watanni a kama azumi. Na zo da kayana da girman kaina, kuma duk girman kan a kan ƙorai yake. A wurinmu mace da ƙoranta ake saninta. Tun ina ƙarama uwata ta koya mini wanke ƙwarya da yashi da soso har ta yi fari tas, da yadda ake bin bakinta da ƙaramar wuƙa a daidaita shi, kada leɓe ya ji kaushi. Ƙwarya mai baƙin ciki ko mai gatsattsen baki abin kunya ce, in baƙuwa ta ganta a ɗakinki ta samu labarin kai wa gida. Da na ga ƙoran gidan mijina sai da na tausaya musu a zuci. Na ce mutanen kirki ne, sun iya karatu, sun iya magana, amma ba su iya ƙwarya ba.

Saura kwana biyu ko uku salla aka shiga gyaran gida. Har yau ina jin ƙarar wannan safiya a kunnena, luguden taɓarya daga gidan gabas, tsintsiya a tsakar gida, wani yana karatu a zaure da muryar da azumi ya disashe. Aka ba ni ɗakin Inna in kakkaɓe, ita tana kwance a inuwa don azumi ya fara yi mata nauyi, idonta ma ya fara rauni. A can saman ragaya na tarar da wani ɗan ƙoƙo naɗe cikin tsumma. Ya yi baƙi ƙirin don tsufa, bakinsa ya ɗan gutsuttsure a wurare biyu ko uku. Na ce yau Inna za ta san ta yi suruka. Na kai shi bayan ɗaki na dirje shi da yashi har farinsa ya fito, sannan na ɗauko wuƙata na bi bakin a hankali na zagaye shi, na sauke shi daidai da inda gutsurin ya tsaya. Abin da na yanke bai kai faɗin ƙaramin yatsa ba. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na watsa ɓawon a murhu, na naɗe ƙoƙon na mayar inda yake, ina jiran ranar da za a gani a yaba.

Washegari da hantsi wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda muke ce wa Iya, ta yi sallama. Bayan sun gaisa da Inna, an tambayi azumi da gajiya da yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce ta zo aron mudunnabi. Inna ta ce mini in sauko da abin da ke cikin tsumma a saman ragaya. Iya ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta buɗe, ta ce kai, amarya ta wanke shi fes. Ni kuwa ina ta sunkuyar da kai ina jin daɗi. Da ta fita sai Inna ta ce in zauna, tunda ni baƙuwa ce gara in san abin da na riƙe. Ta ce da wannan ƙoƙo unguwar nan take fitar da zakkar fidda-kai, cikinsa huɗu a kan kowane rai, babba da yaro. Mahaifinta ne ya yanka shi, ya gwada shi da na malaminsa, shi kuma malamin da na wanda ya karantar da shi, haka har inda ba ta sani ba. Ba kyansa ake so ba, cikinsa ake so. Ta ce shekara da shekaru ko ɓera ba ta bari ya kusance shi, don in bakinsa ya ragu, hakkin miskinai ne ya ragu.

A rugarmu ban taɓa ganin mudunnabi ba. Mahaifina da tafin hannunsa biyu yake ɗiba, ya ce hannunsa matsakaici ne, shi ke nan. Na san sunan, ban san kamarsa ba. Ina zaune gaban Inna na ce to, na tashi na koma bakin turmi.

Ranar nan duka ban ce komai ba, kuma ba zan ɓoye ba, niyyata in yi shiru har abada. Ƙoƙon yana ta yawo. Haka al'adar take, in wannan gida sun gama sai a miƙa wa na gaba ta kan katanga, ina jin muryoyin mata suna cewa ga shi nan, a karɓa da kyau. Na yi ta ba kaina haƙuri cewa ɗan abin da na yanke bai taka kara ya karya ba, wa zai sani? Sai kuma in tuna huɗu ne a kan kowane mutum, kuma gidajen birni cike suke da mutane. Abin da ya fi tsorata ni shi ne sunana. Ina sabuwar zuwa, 'yar daji kamar yadda wasu ke faɗa a bayan idona, a ce ni ce na ɓata abin da aka gada tun kaka da kakanni. Kafin la'asar ƙoƙon ya shiga gida bakwai ya dawo, Inna ta ce in mayar da shi, mu namu sai gobe.

Gobe ta yi, azumi ashirin da tara, ana cewa wataƙila a ga wata da yamma. Inna ta sa aka fito da gero aka shimfiɗa tabarma. Na sauko da ƙoƙon, na zo miƙa mata, sai na kasa sakinsa. Na durƙusa na ce, "Inna, na yi ɓarna."

Ta ce, "Mi kika hwasa?"

Na ce ban fasa komai ba, gyara na yi. Na faɗa mata duka, da yashin da wuƙar da ɓawon da na ƙona. Ta karɓi ƙoƙon ta bi bakinsa da babban yatsa, a hankali, ta zagaye shi sau biyu. Na jira faɗa, har na fi son a yi faɗan. Sai ta ce, "Hannunki na da kyau, ɗiyar nan. Ban taɓa jin baki mai santsi haka ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Ɗauko mayahinki."

A lokacin amarya ba ta fita da rana tsaka, amma Inna ta leƙa zaure ta gaya wa ɗanta yau matarsa za ta fita. Ashe ƙoƙon yana da ɗan'uwa. Mahaifinta biyu ya yanka rana ɗaya, ya ba ta ɗaya, ya ba wanta ɗaya, wanda mijina ke kira Kawu, yana zaune a Ƙofar Durbi. Muka bi lunguna a ƙasa, tana dafe da kafaɗata, ga azumi ga rana, tana nuna mini inda zan karkata. Muka tarar da Kawu a zaurensa. Sai da aka gama gaisuwa tsaf, har da tambayar shanun mahaifina, sannan Inna ta faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon bai dube ni ba, kuma na gode masa. Ya sa aka kawo nasa ƙoƙon, baƙi kamar yadda namu yake da, da gero da faifai. Ya cika nasa ya shafe baki da gefen hannu, ya juye cikin namu. Namu ya cika, sauran ya gangaro kan faifai. Ya tattara abin da ya zube a tafinsa ya nuna mana. Bai cika tafi ɗaya ba, amma yana nan, ana ganinsa. Ya ce wannan sau huɗu a kan kowane kai, sai a gaya wa mutane su cika kafin a sauko daga idi. Ya ba mu aron nasa.

A hanyar dawowa Inna ta ce za ta iya zagayawa ita kaɗai ta ce mudu ya samu matsala, ba ƙarya ta yi ba, kuma ba sai an ji sunan kowa ba. Wallahi na so in ce to. Amma na dubi tsohuwar nan da ta taka har Ƙofar Durbi da bakin azumi saboda wuƙata, na ji kunya ta fi tsoro. Na ce ni zan faɗa da bakina. Muka biya gida na ɗebi gero a cikin wanda aka kawo ni da shi daga ruga, na ɗaure a ɗankwali, don duk wanda ya ce ni zan cika masa in cika.

Gidan Iya muka fara shiga. Na durƙusa na faɗa. Iya ta saurara har na gama, sannan ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce ai ita tun tana yarinya ba ta taɓa auna fidda-kai ba ta watsa gyara a kai ba, tafi guda a kan kowane mudu, don tsoron irin wannan rana. Gida na biyu haka, na uku haka. Ashe duk unguwar kowa yana ƙarawa, kowa kuma yana tsammanin shi kaɗai ke yi. Duk da haka kowace ta karɓi ƙoƙon Kawu ta gwada, ta sake ɗebo wani abu ta ajiye a gefe don a bi masu karɓa da shi. An yi mini tsiya ba kaɗan ba. Wata ta ce in zo in gyara mata bakin mijinta, ya fi ƙoƙon gutsurewa. Kafin mu fito gida na shida na fara dariya ni ma, na ce ashe abin bai kai yadda na ɗauka ba.

Gida na bakwai na wani mai ga-ruwa ne, a ƙarshen lungu, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Matarsa ba ta girme ni da yawa ba, amma tana da yara, ga uwar miji, ga ƙannensa biyu. Ta shimfiɗa mana tabarma, na faɗi abin da na faɗa sau shida, har na iya shi, har ina ɗan murmushi. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambayi nawa ya ragu, Inna ta nuna mata a tafi. Ta dubi yaranta, na ga tana lissafa kawuna da ido. Ita ba ta yi gyara ba. Ta shafe bakin kowane mudu sosai, don iyakar abin da suke da shi ke nan in an cire na tuwon salla.

Na yi sauri na kwance ɗankwalina na tura mata geron, na ce laifina ne, ni ya kamata in cika. Inna ma ta ce mata wanda bai da hali Allah bai ɗora masa ba. Ta tura mini abina a hankali ta ce, "Amarya, tunda aka kawo ni gidan nan mu ake kawo ma zakka. Bana ne muka hwara hiddawa. In na zuba naki, ke kika hidda, ba mu ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar tukunyar da ta ajiye geron salla. Ta karɓi ƙoƙon Kawu da namu, ta cika wancan ta juye a wannan kamar yadda Inna ta nuna mata, ta ga abin da ya zube, sannan ta yi ta ɗibar kwatankwacinsa tana kiran sunan mutanen gidanta ɗaya ɗaya, har jaririn da ke bayanta. Da ta gama na leƙa tukunyar, abin da ya rage ba zai yi tuwon gidan ba, sai dai kunu. Fuskarta kuwa a sake take. Ni ce na fito ina share ido da bakin mayafi, Inna ta yi kamar ba ta gani ba.

Bayan salla Inna ta sa aka sayo sabon ƙoƙo, ta ce ni zan yanka, tunda na nuna na iya. Na yi kwana biyu ina ɗan shafcewa ina gwadawa da na Kawu, har ranar da aka juye bai zube ba kuma bai yi saura ba. Shi ne wanda ke rataye a ɗakina, ya yi baƙi, bakinsa ya fara gutsurewa, kuma duk wadda ta taɓa shi da soso za ta ji bakina. Masu aro sun ragu, yanzu wasu da gwangwanin madara suke lissafi, wasu da sikeli, kuma malamai sun ce ya yi, ni wace ce in ce bai yi ba. Ina cikin rufin asiri, na ga jikoki, ba ni da ƙorafi a kan zamani.

An ga wata kuwa a yammacin ranar da muka zagaya gidajen. Da gari ya waye, kafin maza su tafi idi, ƙanena ya iso daga ruga da nonon salla kamar yadda uwata ta yi alkawari. Na dama fura da geron da aka ƙi karɓa, na zaɓi babbar ƙwaryata, wadda na fi ji da ita, fara tas, na rufe da faifai. Abincin salla ba zakka ba ne, ba a mayar da shi, ko maƙiyinka ya aiko sai ka karɓa. Na tambayi Inna ludayi nawa ake kai wa maƙwabta a birni, don kada in sake yin wata ɓarnar. Ta ce in kai abin da na ga dama. Na kai da kaina, na yi sallama a ƙarshen lungu. Matar mai ga-ruwan ta buɗe faifan, ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta ce wannan ai ya yi yawa. Na ce ban auna ba. Sai a lokacin ta yi dariya, ta matsa mini a kan tabarma, ta kira yaran su kawo ludaya.